Masu zuba kuɗi kan zaɓen 'yan majalisar Amurka, farashin nan abin dogaro ne?

MaiWaya_Kano ya rubuta:

Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu zama Amurka da waɗanda suka san harkar nan ku taimaka min da bayani. Akwai wani abokina da muke layi ɗaya a kasuwar waya, tun da aka gama yayin mayinin ɗin nan na danna-danna ya koma wani abu wai kasuwar hasashe, kullum idonsa na kan waya, abokin ciniki ma sai ya yi sallama sau biyu. Jiya ya nuna min wata kujera ta majalisar wakilan Amurka da za a kara a zaɓen rabin wa'adi na 3 ga Nuwamba 2026, a gaban sunan ɗan takara ɗaya an rubuta senti 62, ɗayan kuma senti 39 ko 40. Yace min wai in ka sayi na 62 ɗin mutumin ya ci za a baka dala ɗaya cif, kuma wai wannan 62 ɗin ba ra'ayin ɗan jarida bane, kuɗin mutane ne ke magana, saboda haka ya fi duk wata ƙuri'ar jin ra'ayi gaskiya. Hujjarsa ita ce a 2024 masu jin ra'ayi suna ta cewa kankankan ne tsakanin Trump da Kamala amma su kasuwar tun wajen Oktoba suka karkata wajen Trump kuma haka akayi.

Ni dai ina da 'yar USDC, kirifto mai daidai da dala, da bata kai dala 200 ba, kuma gaskiya zuciyata ta fara rayawa. Tambayata, shin da gaske farashin nan yana faɗin wanda zai ci? Sannan wa ke yanke hukuncin cewa wane ya ci a biya kuɗin? Kuma shi yace ba caca bace, kasuwanci ne kamar hannun jari, har kotu ta halatta. Haka ne?

Dalibar_Lissafi ta rubuta:

Wa alaikumussalam. Bari in fara da yadda abin ke aiki dan abokinka bai yi ƙarya a wannan ɓangaren ba. Takarda ce ake sayarwa mai cewa "wane zai ci", in ya ci ta zama dala ɗaya, in ya faɗi ta zama sifili. Farashinta yana yawo tsakanin senti 1 da 99, kuma ba kamfanin ke sa farashin ba, wani mutum ne a can gefe yake sayen kishiyar abin da ka saya. Kai ka bada 62 shi ya bada 38, an haɗa dala ɗaya an ajiye, wanda yayi daidai ya kwashe. Shi yasa ake karanta 62 a matsayin kashi 62 cikin 100.

Toh amma ka tsaya ka kalli lissafin da kyau. In ka ci ribarka senti 38, in ka faɗi asararka 62. Wato dole cikin irin wannan saye guda 100 ka yi daidai sama da sau 62 kafin ma ka dawo da uwar kuɗi, ba a cire kuɗin caji ba, ba a cire na canji daga kirifto zuwa naira ba. Kuma in farashin gaskiya ne kamar yadda abokinka ke rantsuwa, toh babu riba a ciki kenan, ka sayi abu a daidai ƙimarsa. Riba sai in farashin kuskure ne kuma kai ka san kuskuren. Maganganunsa biyu basa zama a tabarma ɗaya, ko dai kasuwar ta san komai ko kuma akwai kuɗin da za a ci, ya zaɓi ɗaya.

Sannan kwatanta zaɓen shugaban ƙasa da kujerar mazaɓa ɗaya kuskure ne babba. A Polymarket kaɗai, ɗaya daga cikin shafukan kasuwar hasashen nan, cinikin da akayi kan zaɓen shugaban ƙasa na 2024 ya haura dala biliyan 3, duk da haka wani Bafaranshe shi kaɗai ya zuba wajen dala miliyan 30 kan Trump ta asusu daban-daban har aka yi ta cece-kuce ko shi ke tura farashin. Ya ci dai a ƙarshe, wajen miliyan 85 aka lissafa masa. Toh in mutum ɗaya zai iya girgiza tafki irin wannan, ina ga kududdufi? Kujerun majalisar wakilai 435 ne, yawancinsu an san mai ci tun kafin a buga takarda, waɗanda ake kira kowa-na-iya-ci irin na jerin Cook Political Report, masu nazarin zaɓen Amurka, basu fi ashirin da 'yan kai ba a 2024. Kasuwar kujera ɗaya daga cikinsu sau da yawa 'yan tsirarun mutane ne a ciki. Ka buɗe wajen da ake jera masu saye da masu sayarwa ka gani da idonka, wani lokaci za ka tarar mai saye yana 58 mai sayarwa yana 64, tsakaninsu fili. Wannan 62 da ka gani ƙila cinikin ƙarshe ne da wani yayi jiya da dare da dala 50. Ka ma lura da kanka 62 da 40 sun haura 100, wannan rarar daga aljihun mai gaggawa take fita.

Alhaji_Bronx ya rubuta:

Yarona, ni ba ɗan lissafi bane, tasi nake ja a Niyok shekara da shekaru, amma na taɓa sa hannu a wutar nan kuma ta ƙone ni, bari in baka labari.

2022 ne, zaɓen rabin wa'adi irin wanda ke tafe. Duk rediyon da ka kunna a mota maganar ɗaya ce, wai jar guguwa na zuwa, Republican za su share majalisun biyu, man fetur yayi tsada, kaya sunyi tsada, Biden ba farin jini. A Fensilbeniya kujerar sanata ake nema tsakanin John Fetterman na Democrat da likitan nan na talabijin Mehmet Oz na Republican. Fetterman ya samu shanyewar ɓarin jiki a watan Mayu, da akazo muhawara ranar 25 ga Oktoba maganarsa na sarƙewa, sai an rubuta masa tambaya a allo yake karantawa, wallahi ni da nake kallo sai da tausayi ya kama ni. Gari na wayewa farashin Oz ya tashi a shafukan nan. Nace toh wannan ai kuɗi ne a ƙasa. Na buɗe asusu a wani shafi, ba sai na kira suna ba, na zuba abin da na tara na sati biyu kan Oz da kuma kan cewa Republican za su karɓe majalisar dattawa. Uwargida bata sani ba, har yau ma rabin labarin ta sani.

Daren zaɓe ina layin tasi a filin jirgin JFK, sanyi, shayina a kofi ya huce ban sha ba, waya a jingine jikin sitiyari ina kallon lambar nan tana sauka kamar ana zare jini. Na ɗauki wata tsohuwa zuwa Burukilin tana min hira bansan me nake amsa mata ba. Wajen ƙarfe ɗayan dare aka ce Fetterman ya ci, kuma ba da ƙyar ba, kusan maki 5 ya bada. Na riƙe ɗayar takardar ina cewa Nebada zata cece ni, ranar Asabar aka ce Catherine Cortez Masto ta kada Adam Laxalt da ƙuri'a wajen dubu 8, shikenan majalisar dattawa ta zauna hannun Democrat, a Disamba ma Warnock ya ƙara musu ɗaya a Jojiya suka zama 51. Majalisar wakilai kam Republican sun karɓa amma 222 da 213, guguwar da ake ta faɗa ta zama iskar fanka.

Abin da nake so ka gane, ranar ai ni ma ina cikin "kuɗin mutane ne ke magana". Kuɗina ne yake magana, kuma me na sani game da Fensilbeniya? Muhawara ɗaya na kalla da surutun rediyo. Irina ne suka cika wajen, maza masu zafin siyasa da ke sayen abin da ransu ke so ko abin da suka ji jiya. Abokinka ya tuna 2024 ya manta 2022 ne dan lokacin yana can yana danna waya.

Baban_Zee ya rubuta:

Hhhh Alhaji Allah ya mayar da alheri, amma wlh in Hajiya na cikin gidan nan yau ta samu daya rabin labarin. Ni dai tambayata mutum yana Kano ko kansilan mazabarsa bai san sunansa ba zai je yana hasashen Kalifoniya

Dalibar_Lissafi ta rubuta:

Baban Zee ka tsokano abin da nake son faɗa dama. Tunda ka ambaci Kalifoniya bari in bada misalin mazaɓa ta 13, can tsakiyar kwarin noma wajen Merced, yankin gonakin almon da shanun madara. A 2022 John Duarte na Republican, manomi mai gidan renon itatuwa, ya kada Adam Gray na Democrat da ƙuri'a 564. Suka sake haɗuwa a 2024. Anyi zaɓe 5 ga Nuwamba, Duarte yana gaba, sati ɗaya yana gaba, sati biyu yana gaba, sai da aka kusa sati uku sannan Gray ya tsallake shi, kuma ba a bayyana mai nasara ba sai 3 ga Disamba. Tazarar ƙuri'a 187 cikin sama da dubu 210. Ita ce kujerar ƙarshe da aka yanke a duk ƙasar, da ita lissafi ya tsaya Republican 220, Democrat 215.

Me ya jawo jinkirin? A Kalifoniya a zaɓen 2024 kowane mai rajista ana aika masa takardar ƙuri'a ta gidan waya, in dai hatimin gidan waya ya nuna ranar zaɓe ko kafinta, ana karɓa ko da ta iso bayan kwana bakwai. Sannan ana duba sa hannun da ke bayan ambulan a gwada da na rajista, in bai yi kama ba ba a zubarwa, ana neman mai ita ya zo ya gyara. Toh a nan ne ake yaƙin gaske, jam'iyyun biyu kowa ya baza matasa gida-gida da jerin sunaye suna ƙwanƙwasa ƙofa, baba sa hannunki bai yi daidai ba ga fom ki cike. Kujerar majalisar ƙasa sukutum ta koma kan wa ya fi samun mutane a gida da yamma.

Yanzu ka ɗauka kana riƙe da takarda a irin wannan zaɓe. Wanda zai ci kuɗinka ba mai duba bane, mutum ne da ya san gundumar Merced saura ƙuri'a nawa bata ƙirga ba, Stanislaus ƙarfe nawa take sakin sakamako, kuma kason da ya fito jiya daga Fresno kashi nawa ya ba kowa. Yana da jadawali a kwamfuta, sakamako na fita cikin daƙiƙa ya saye ko ya sayar, kai kuma lokacin ƙarfe biyu ko ukun dare ne a Kano kana barci ko babu netwok. Kafin ka farka 62 ta zama 20. Kuma ko shi ɗin a tazarar 187 rabin abin sa'a ce. A Ayowa a 2020 Mariannette Miller-Meeks da ƙuri'a 6 ta ci Rita Hart, shida, mutanen da zasu cika Keke Napep biyu. A Niyok mazaɓa ta 22 a wannan shekarar sai watan Fabrairun 2021 kotu ta raba gardama, Claudia Tenney da 109. Duk wata ukun nan kuɗin mutum na kulle.

Akan tambayarka ta wa ke yanke hukunci, kowace kasuwa da ƙa'idarta a rubuce a ƙasa kuma yawanci ba a karantawa. Wata tana bin sanarwar kamfanin labarai na AP, wata sai hukuma ta tabbatar, wata sai an rantsar. Ta shugaban ƙasa a Polymarket a 2024 sharaɗinta AP da Fox da NBC su haɗu kan mutum ɗaya. In gardama ta tashi a can, masu riƙe da wani kirifto da ake kira UMA ne ke jefa ƙuri'a su yanke, ba alƙali ba. Sai ka san wannan kafin ka taɓa.

Wani abu kuma, kada ka ɗauki lambobin 2024 ka auna 2026 dasu kai tsaye, dan Texas ta sake zana taswirar mazaɓunta a 2025, Kalifoniya ma ta rama da nata a ƙuri'ar Nuwamban 2025, sunan mazaɓa na nan amma mutanen ciki sun canza.

Abu_Sumayya ya rubuta:

Ƙanwata Allah ya ƙara basira, kin yi bayani, amma naga an tsallake tambaya ta uku kuma ita ce ta kamata a fara da ita. Malam MaiWaya, maganar "kotu ta halatta" ga asalinta. Hukumar da ke kula da irin waɗannan kasuwanni a Amurka, CFTC, ita da kanta ta hana kamfanin Kalshi buɗe cinikin wace jam'iyya zata riƙe majalisa a Satumban 2023, tace wannan caca ce kuma ya saɓa maslahar jama'a. Kalshi suka kai ƙara, a Satumban 2024 mai shari'a Jia Cobb a Washinton ta basu gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi dakatar da hukuncin a farkon Oktoba, aka buɗe ciniki ana saura wata ɗaya zaɓe, daga baya a 2025 hukumar ta janye ƙarar da ta ɗaukaka. Abin da alƙaliyar ta duba shi ne ma'anar kalma a cikin dokar kasuwancinsu, shin zaɓe "wasa" ne ko ba wasa ba, kuma shin hukumar ta wuce gona da iri. Bata buɗe Risala ba, bata buɗe Muwaɗɗa ba. Giya ma ai kotunsu ta halatta.

Mu kuma ma'auninmu sananne ne. Mutum biyu kowa ya ajiye kuɗi akan abin da ba a san yadda zai kasance ba, wanda ya dace ya kwashe na ɗan'uwansa ba tare da ya bashi komai ba, wannan shi ne maisir da aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa shi da giya tace a nisance shi. Ƙanwata da bakinta tace kai 62 shi 38 an haɗa an ajiye. Hannun jari kuwa kana da wani yanki na kamfani mai gini da ma'aikata da kayan sayarwa, ko farashi ya faɗi yankinka na nan. A nan me ka mallaka, ƙafar Adam Gray? Anan Kano Hisbah ta rufe shagunan bet na ƙwallo a 2024 kowa ya gani, toh banbancin wannan da wancan kawai shi ne can Arsenal ce nan Democrat, kuma wannan da turancin banki aka rubuta shi. Ni ba mufti bane, ka samu malamin unguwarku ka kwatanta masa yadda aka kwatanta maka nan ba tare da ka sa masa kwalliya ba kaji me zai ce.

Dalibar_Lissafi ta rubuta:

Malam Abu Sumayya ban musa maka ba ko kaɗan, shi yasa ma ban taɓa sa ko sisi ba. Abu ɗaya zan ƙara dan adalci, kallon farashin daban sayensa daban. Asalin abin ma daga jami'a ya fito, Jami'ar Ayowa ta fara nata tun 1988 dan bincike, da iyakar dala 500 ga kowane mutum, shafin PredictIt kuma wata jami'a a Niyuzilan ce ta kafa shi a 2014, shekara da shekaru har zuwa 2025 ba ka wuce dala 850 a takarda ɗaya. Ni ina duba su kamar yadda nake duba hasashen yanayi, musamman babbar kasuwar wace jam'iyya zata samu kujeru 218, wato rinjaye a majalisar wakilai, dan can akwai mutane da yawa kuma labari na shiga farashi da wuri. Amma ko nan ɗin abin da suke faɗa yawanci tarihi ya riga ya faɗa kyauta, jam'iyyar shugaban ƙasa kusan kullum asarar kujeru take a rabin wa'adi, Obama ya rasa 63 a 2010, Trump ya rasa wajen 40 a 2018, waɗanda suka tsira tun zamanin Roosevelt a 1934 sai Clinton a 1998 da Bush a 2002.

MaiWaya_Kano ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Alhaji Allah ya huci zuciya, Malam Abu Sumayya naji kuma zan tambaya ɗin insha Allah, ko da yake inaga na riga na san amsar. Anti Dalibar Lissafi yanzun nan na karɓi wayar abokin nawa nace ya buɗe min wajen jerin masu saye da sayarwa da kika faɗa, wallahi bai ma san akwai shi ba, sai da muka lalubo tare. Mutum nawa ne a layin duka, in na zuba 'yar dala ɗari biyuna ni kaɗai sai farashin ya motsa. Na tambaye shi mazaɓar a wace jiha take yace zai duba. Yanzu dai yana nan yana min bayanin wai shi ba zai jira zaɓe ba, in ya hau 70 zai sayar ya fita.

Alhaji_Bronx ya rubuta:

Haka nima nace zan yi. Ka gaida shi, kace in ya hau 70 ɗin zai ce bari ya kai 80. Bari in tashi, fasinja ya fito da akwatuna huɗu kuma bayan motar cike yake da ruwan roba da Hajiya ta aike ni.